An Yi wa Jarumi Ƙunshi

Ranar da gidan rediyo ya yi hira da Zaharaddini, ƙanwarsa Hanifa tana durƙushe a bakin murhu tana tuƙa tuwo. Mahaifinsu, Alhaji Mamuda, ya ajiye rediyo a tsakar gida ya ƙure murya, don kada wani maƙwabci ya zo gobe ya ce bai ji ba.

"Malam Zaharaddini," in ji mai gabatarwa, "daga nan Talata Mafara har Bakura da Maradun, yara ba su da zance sai na Larai Tafin Wuta. Wannan basira ta ina take zo maka?"

Zaharaddini ya yi gyaran murya irin ta masu tafsiri. "To, ka san baiwa ta Allah ce. Ina zaune haka nan sai in ji hannuna shina ƙaiƙayi. Wallahi in ban yi zane ba, ko abinci ba ni iya ci."

Hanifa ta tsaya da muciya a hannu. Tun da take, ba ta taɓa ganin abin da ya hana Zaharaddini cin abinci ba, ko da zazzaɓi ne. Zane kuwa rabonsa da shi tun firamare, ranar da ya zana doki, malaminsu ya yaba masa ya ce teburin ya yi kyau.

"Kun ji ko?" Alhaji ya ce, yana shafa gemu. "Jinina ne wanga."

Ita ma jininsa ce, amma ita tuwo ne a gabanta.

Larai Tafin Wuta ta Hanifa ce, daga ɗankwalinta har silifas ɗinta. Ita ta ƙirƙiro yarinyar nan mai tallar awara a tasha, wadda in ta buɗe tafukanta lallen da ke ciki ya kama da wuta, sai ta tsallake katanga, ta tsayar da tirela da hannu ɗaya, ta yi kokawa da Dodon Madatsa mai shanye ruwan manoman shinkafa. Hanifa kan raba farar takarda gida-gida, ta zana abin da ya faru a kowane gida da biro da fensir mai launi, ta rubuta maganar mutane a saman kawunansu. Hannunta a lalle ya goge, domin tun kafin ta gama sakandare ita ke yi wa amaren unguwa ƙunshi. Abu ɗaya ne ba ta da shi, babbar waya. Don haka ta roƙi yayanta ya ɗauki hoton kashi na farko ya sa a Fesbuk.

Ya sa. Wani ya rubuto a ƙasa, "Allah ya ƙara basira, Zaharaddini." Shi kuma ya amsa da "Amin." Da wannan amin ɗin aka sace Larai, rana tsaka, ba tare da an fasa ƙofa ba.

Abin dariyar shi ne, shi wannan Alhajin mai shafa gemu, shi ne bara ya tsinci zanenta a ƙarƙashin tabarma ya yayyage, ya ce zanen mai rai shi ke hana mala'iku shiga gida. Yanzu kuwa ranar kasuwa yakan bar shanunsa a kara, ya bi dillalai ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu waya. Takardar ba ta sake ba, biron bai sake ba. Suna kawai aka sauya, sai ga mala'iku sun dawo.

Da aka gama cin tuwo, Hanifa ta sami mahaifiyarta a ɗaki.

"Inna, kin ji abin da Yaya yac ce a rediyo?"

"Na ji. Ai ya yi ƙoƙari, ko gargada bai yi ba."

"Inna, ni na zana."

"Wa yac ce ba ke ba?" Inna Shatu ta ci gaba da ninke kaya. "Ke da shi duk ba ciki ɗaya ba? In anka yabi Zaharaddini ai gidanga anka yaba. Ke kina son maza su riƙa ambaton sunanki a teburin mai shayi?"

"Sunan Larai ai suna ambato."

"Larai takarda ce, ba ta da uba. Ke kina da shi."

Uban da take da shi ta tunkara washegari. Ta durƙusa, ta gaishe shi da kwana, da gajiya, da kasuwa, har sai da gaisuwa ta ƙare babu sauran inda za ta ɓuya. Sannan ta ce, "Baba, so nike a sa sunana a ƙasan zanen. Ko ƙarami ne."

Alhaji ya dube ta kamar saniya ce ta yi magana. "Sunan naki ki yi mi da shi? Gobe wani za ya zo ya ɗauke ki, ki tafi da sunan gidansu. Shi kuwa yaronga nan za shi zauna. Ya gama karatu ba aiki, yanzu Allah ya rufa mai asiri mutane sun fara ganin girmanshi, ke kuma ƙanwarshi ke za ki kware mai baya? Tashi ki ba ni wuri. Kuma kashi na gaba ya fito kafin Juma'a, mutane na tambayata."

Daga ranar zanen ya tashi daga abin da take so ya koma aikin gida, kamar shara, kamar wanke-wanke, sai dai shi ba a cewa sannu. Ta gama abincin rana ta zauna a kan takarda har idonta ya riƙa ruwa. Yatsanta ya yi kanta. Zaharaddini kan leƙo da waya a hannu, ya ce, "Ke, masoyana na jira. Mi kike yi tun ɗazu?" Wata rana har gyara ya yi mata, wai hancin Dodon Madatsa bai yi kama da yadda shi ya hango shi ba.

Sai kuma aka hana ta ƙunshi. Ƙawarta Farida za ta yi aure, ta aiko tun da wuri cewa ba wanda zai taɓa mata hannu sai Hanifa. Zaharaddini ya ji, ya je ya sami Alhaji a zaure, ya fito, sai ga doka. Ba sauran zuwa gidan amare. Dalilin da aka gaya wa mutane shi ne yarinya ta girma, bai kamata tana yawo ba. Dalilin da aka faɗa a cikin gida kuwa, da murya ƙasa-ƙasa, shi ne furen da ke tafin Larai ya cika kama da wanda ke tafin amaren unguwa, kada wata mai ido ta haɗa biyu. Farida ta yi fushi, aka kai ta ɗakin miji da ƙunshin wata. Ita kuwa Hanifa, hanya ɗaya tilo da take fita ta ga mutane ta toshe.

Ana cikin haka Murtala ya zo daga Bakura. Saurayi ne mai kyamara ɗaya da tabarau biyu, wanda ba ya amsa kira sai an ce masa Darakta. Ya ce zai mayar da Larai Tafin Wuta fim mai dogon zango, a sa a Yutub duniya ta gani. Hanifa ta kawo ruwa bakin zaure, ta tsaya a bayan ƙofa. Larai za ta yi motsi. Larai za ta yi magana da murya.

"Matsala ɗaya ce, Alhaji," in ji Murtala. "Na zagaya Bakura, na zagaya Maradun, ba wanda za ya ba ni ɗiyarshi ta hau katanga gaban kyamara."

"Ai ba ɗan kirkin da za ya bayar," in ji Alhaji.

"Shi ya sa nac ce mu mai da ita namiji. Mujahid Tafin Wuta. Kuma wa ya fi cancanta ya fito a jarumi in ba wanda yaz zana shi ba?"

Zaharaddini, wanda ya ba shekara ashirin da biyar baya, ga gemu ga ɗan tumbi, ya ce gaskiya shi ma ya daɗe yana ganin kansa a cikin yaron nan ɗan shekara sha biyar.

"Yauwa. To ɗan zana mani yadda kake son kayan jarumin su kasance." Murtala ya miƙa masa biro da takarda.

Hanifa ta ji yayanta ya ce, "Wash! Ka ga hannun nan tun jiya shike mani ciwo. Yawan aiki. Bari gobe in kawo maka."

Daga wannan rana Zaharaddini ya fara ɗaura bandeji. Duk inda aka taru, aka ce ya ɗan zana wani abu a gani, sai ya ɗaga hannu ya girgiza kai, jama'a su ce, "Allah sarki, basira ma wahala ce." A gida yakan kwance bandejin ya rataye a ƙusa, ya sa hannun a kwano.

Da ya kawo mata labarin an mai da Larai namiji, Hanifa ta ajiye biro. "Ba ni zana kayan wani Mujahid. Ban san shi ba."

"Haba 'yar ƙanwata." Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba. "Fim ba kamar Fesbuk ba ne. A ƙarshe ana jero sunan duk wanda yay yi aiki. Wallahi sunanki za ya hau. Ni nay yi maki alkawari."

Ta dube shi. Ta ɗauki biron. Wanda aka daɗe ana hana wa abu, ko warinsa aka nuna masa sai ya bi.

Aka fara ɗaukar fim. Zaharaddini ya aske gemu, ya yafa jan labulen ɗakin Inna a matsayin alkyabbar jarumi. A gonakin shinkafa na Bakura ya yi tsalle ya faɗa taɓo, sai da mutum biyu suka ciro shi. A bakin ruwa wajen Maradun ya ƙi matsawa kusa da Dodon Madatsa, wanda wani mai faci ne aka lulluɓe da buhuna, wai kada ya zame. Duk wannan Murtala ya ce zai gyara a kwamfuta. Abin da ya gagara shi ne tafin hannu. Yara sun san ƙarfin jarumin a zanen tafinsa yake. An gwada zana masa da alƙalamin maka, gumi ya wanke kafin a kunna kyamara.

"Sai dai lalle na gaske," in ji Murtala.

"Lalle? Ni? Ƙato da ni?"

Aka kai magana gaban Alhaji, wanda a 'yan kwanakin nan fatawa ba ta yi masa wuya. Ya ce ai lalle magani ne, mahauta ma in hannu ya tsage suna shafawa. Haka Hanifa, da aka hana yi wa amare ƙunshi, ta koma yi wa yayanta. In ya dusashe ta sabunta, a kulle a ɗaki, kada maƙwabta su gani.

Da aiki ya zo ƙarshe, saura abu ɗaya, hoton da zai buɗe kowane kashi: jarumi ya haɗa tafukansa biyu ya turo su gaban kyamara har su cika allo. Murtala ya ce yana son ƙunshi sabo, ja wur. Zaharaddini ya shigo da hantsi, ya zauna a kujerar tsuguno, ya miƙa hannuwa kamar amarya. Hanifa ta kwaɓa lalle, ta ɗauko salatif da reza. Irin wannan ƙunshi, yanka salatif ake yi siri-siri, a manna a fata a fitar da fure, a shafe da lalle, a ɗaure a leda. In an wanke, inda salatif ya rufe sai ya fito fari a cikin ja.

"Yaya, an rubuta sunayen?"

"An rubuta."

"Wa da wa?"

"Kowa da kowa. Da mai janareto, da mai facin da yaf fito a dodo, da Hamidu da ya ara muna jaki. Har mai ruwan leda mun sa."

"Ni fa?"

Ya kau da kai yana kallon rufin ɗaki. "Mun sa, godiya ta musamman ga iyalan Alhaji Mamuda. Ke ba iyali ba ce?"

"Ka rantse mani, Yaya."

"Baba yac ce a'a. In saɓa wa Baba? Kuma tsakani da Allah, in anka sa Hanifa wa ya san wata Hanifa? Ni mutane sunka sani. Yi sauri, Darakta na jira, kuma kar ki cika mani fure kamar na mata."

Jakin Hamidu ya sami wanda za a ambata dominsa. Hanifa ba ta yi kuka ba. Ta sunkuyar da kai, ta ɗauki reza, ta fara yankan salatif a hankali, siriri fiye da yadda ta taɓa yankawa. Ta manna reshe, ta manna ganye, ta lanƙwasa wannan ta miƙar da wancan. Ta shafe da lalle, ta ɗaure masa hannu biyu a leda. Ya zauna har azahar hannuwa a sama, ƙuda na sauka a hancinsa yana roƙonta ta kore masa. Da aka wanke ya juya tafukan sau ɗaya, ya ce, "Ya yi," ya fita.

Bayan 'yan kwanaki aka fara haska fim ɗin da la'asar a gidan kallon ƙwallo. Maza sun cika wurin har waje. Hanifa ba ta je ba, mata ba sa zuwa, amma ta ji labari a bakin yayanta har ta haddace. Tafukan sun cika allo, jama'a sun yi ihu. Alhaji yana sahun gaba, mutumin da zai hango saniya daga nesa ya gaya maka ƙauyen da ta fito. Ya kalli hannun ɗansa ya yi kabbara. Ba wanda ya ga komai, domin namiji a garin nan bai taɓa tsayawa ya dubi lalle ba. Ja ne dai, ya gani, ya wuce.

Mata kuwa ba haka suke ba. Kowace ta san masu ƙunshi kan ɓoye sunan ango a cikin furen amarya, don haka duk sabon zanen da ya zo gabansu, abin da suke fara yi shi ne neman suna.

Washegari ana suna a maƙwabta. Inna ta tafi da Hanifa don ta taya wanke-wanke. Tana tsugune a bakin rijiya, mata sun yi da'ira a kan wayar Farida suna kallon fim, sai ta ji Farida ta ce, "Ku tsaya! Mai da baya. Tsai da shi nan. Jawo hannun kusa."

Aka tsai da hoton, aka jawo hannun kusa.

"Wanga ba reshe ba ne, rubutun ajami ne. Ga lam, ga ba, ga ra. Labarin. To ɗaya hannun fa? Ga ha, ga nun, ga fa." Farida ta ɗago kai. "Labarin Hanifa!"

Gidan ya kaure. Wata ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki. Wata ta rangaɗa guɗa ta ce a kawo turare, an yi wa jarumi ƙunshi har da sunan mai shi. Wata tsohuwa, da ta gama share hawayen dariya, ta ce, "To da ma wa bai sani ba? Yaron da ko layi bai iya ja da sanda a ƙasa? Tun kashi na farko munka gane hannunta."

Wannan maganar ce ta fi yi wa Hanifa ciwo. Ashe sun sani. Duk watannin nan sun sani, suna gaishe da Inna da "ina mai zane," suna nufin Zaharaddini, suna komawa gida su yi gulma. Duk da haka, da Farida ta zo ta rungume ta da hannun kumfa da komai, ta ji sunanta na yawo daga baki zuwa baki, sai ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Ta ɗaga ido ta ga Inna ta yafa mayafi ta fice ko sallama babu.

Kafin magariba labari ya kai teburin mai shayi, wurin da Inna ke tsoro.

"Kin tona muna asiri!" Alhaji ya daka tsawa, har kaji suka watse. "Ɗiyar da na ciyar, na tufatar, na kai makaranta! Yau a kara wani dillali ya ce in miƙo hannu ya duba ko ni ma an rubuta mani!"

"Baba, ni ba ƙarya na rubuta ba."

"Wa ke maganar ƙarya? Maganar mutunci nike!"

Inna tana gefe tana sharar ƙwalla. "Ɗan'uwanki, Hanifa. Ciki ɗaya. Yanzu wace za ta aure shi?"

Shi kuwa jarumin yana bayan ɗaki da bokiti. Ya goga lemon tsami, ya goga toka, ya goga omo da dutsen goge kaushi, har fata ta saluɓe. Lallen Hanifa ba ya fita don an ji haushi. A karon farko bandejin Zaharaddini ya sami ciwon gaske da zai rufe.

Murtala ya zo da safe, ya cire tabarau ya gaida Alhaji. Hanifa na bayan ƙofa, wurinta na kullum. Ta ji ya ce shi tun ranar da aka ƙi karɓar biro ya yi zargi, amma ba ya shiga harkar gidan mutane. Ya ce in Alhaji ya yarda, abu ne mai sauƙi, a ƙara layi ɗaya a ƙarshen fim, a ci gaba da zango na biyu.

"Ka goge shi," in ji Alhaji.

"Alhaji, mutane sun riga sun gani."

"Su manta. Ka goge, ko ka sauke fim ɗin gaba ɗaya."

Darakta ya auna fim ɗinsa da sunan wata yarinya da bai taɓa ganin fuskarta ba, bai daɗe yana awon ba. Ya sauke, ya gyara, ya mayar. Yanzu in jarumi ya turo tafukansa, wani farin hayaƙi ne ke tasowa ya rufe su ruf. Masu kallo suka rubuto cewa gaskiya wannan hayaƙi ya ƙara wa fim armashi.

Takardun Larai, tun daga kashi na farko, Alhaji ya tattara ya ba yaransa masu tsire a bakin tasha. Mako guda mutanen Talata Mafara suna cin nama a naɗe cikin yarinyar da ta kayar da Dodon Madatsa, mai ya jiƙa fuskarta, yaji ya cika mata tafi. Ita kuwa Hanifa aka ɗora ta a mashin zuwa ƙauyen Dakko, gidan Gwaggo Nagode, wai ta je ta koyi hankali. Aka ja wa Gwaggo kunne, ko takardar maggi kada ta bari a hannunta.

Zango na biyu bai fito ba, don ba mai zana shi. Amma kada ku damu da Zaharaddini. Gidan rediyo ya sake kiransa, ya yi gyaran murya, ya ce ya yi nazari ya gano zanen mai rai ba shi da kyau a addini, don haka ya tuba ya ajiye biro. Mai gabatarwa ya ce samari su yi koyi. Alhaji ya sake ƙure rediyo. Da an yabe shi don ya zana abin da bai zana ba, yanzu ana yabonsa don ya daina abin da bai taɓa farawa ba.

Kuna dariya, na sani. To ku gama, sannan kowa ya leƙa cikin gidansu. Wa ke ɗinka hular da ake cewa ta shagon wane ce? Wa ke yi wa ƙato aikin makaranta yana kawo sakamako ana yanka masa kaza? A gidajenmu ba a ɗauki wannan sata ba. Sunansa rufin asiri, sunansa zumunci, sunansa kunya. Uba ya sani, uwa ta sani, maƙwabta sun sani, darakta ya yi zargi, kowa kuma yana da dalilinsa mai kyau na yin shiru. Ranar da yarinya ta buɗe baki ta ce nawa ne, ita ce marar tarbiyya. Muna kukan garinmu ba ya ci gaba, alhali rabin basirarsa na tsaye a bayan ƙofar zaure da kofin ruwa a hannu.

A Dakko, wata ranar da yamma, Hanifa na sussuka a ƙofar gida, sai ga yara sun fito wasa. Fim ya iso ƙauye ta wayar masu caji. Kowane yaro ya ɗaura tsumma a wuya, ya dumbuzi toka a hannu biyu, ya watsa sama yana ihu, "Tafin Wuta!" A ganinsu hayaƙin nan shi ne ƙarfin jarumi. Wata 'yar yarinya, Amatullah, jikar maƙwabcin Gwaggo, ta ɗebo tata tokar ta shiga layi. Babban cikinsu ya ture ta.

"Ke tafi can! Mace ba ta zama Tafin Wuta."

Yarinyar ta koma gefe, toka na zuba ta tsakanin yatsunta.

Hanifa ta jingine taɓarya. An hana ta takarda, an hana ta biro, amma ba wanda ya tuna da bishiyar lallen da ke bayan ɗakin Gwaggo. Ta tsinko ganye, ta daka, ta kwaɓa, ta karyo tsinken tsintsiya.

"Zo nan, Amatullah. Kakkaɓe tokar nan. Buɗe hannunki."

"Mi za ki zana mani, Yaya? Fure?"

"Furen na zuwa daga baya," in ji Hanifa.

Ta kama ɗan tafin, ta tsoma tsinke, ta fara da sunan yarinyar. Ta rubuta shi da manyan baƙaƙe a tsakiyar hannu, ba reshe ba ganye, yadda ko namiji ya kalla sai ya gani.